Hannun Mai Aski

Asabar, da la'asar

Na wanke hannuna har sabulu ya kusa ƙarewa, amma ina jin wuyan hannun mutumin a cikin tafina.

Bari in rubuta abin yadda kowa ya gan shi. Na tashi daga ajin matan da nake koya wa judo da kare kai, na biyo ta tashar bas zan tsallaka titi. Wani ya cafki hannuna ta baya ya fizga. Ban yi tunanin komai ba, jiki ya riga ya san aikinsa. Na juya, na murɗe hannun, na shiga ƙarƙashinsa na ɗauke shi a ƙugu na buga da ƙasa. Na ji wani abu ya ce ƙas. Wani ya yi ihun ɓarawo, mutane suka rufu a kansa da duka. Wata mata da ban sani ba ta rungume ni tana yi mini sannu, ta tsayar da tasi ta tura ni ciki.

Abin da kowa ya gani ke nan. Maigidan ya ce in ci abinci, na ce masa na ƙoshi.

Lahadi, da hantsi

Ashe wani ya ɗauka a waya. Rediyo ce ta fara turo mini, ɗalibata ce, kuma duk wanda ya zauna da ita minti biyar ya san dalilin sunan. Ta ce bidiyon ya zaga gari, har ƙanwar kakarta ta gani. Na kalla sau ɗaya. Daga inda na juya aka fara ɗauka. Kayen ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina ba zai musa ba.

Waya ba ta huta ba tun safe. Yayata ta kira tana kuka tana dariya, wai da ma ta san wannan tsalle-tsallen nawa zai yi rana. Ita ce fa ta yi shekaru tana cewa mace da 'ya'ya ba ta da aikin yi sai birgima a katifa.

Litinin, lokacin cin abincin rana

A shago mai shagon ya tara ma'aikata ya ce su tafa mini. Tabarau muke sayarwa, ni ce nake gwada wa mutane firam a fuska ina tambayarsu ko sun ga layin ƙasa. Suka tafa. Na ce na gode, na shige banɗaki na daɗe.

Talata, da sassafe

Gorar ruwana ce ba ta bar ni na yi barci ba.

Shuɗiya ce, ta roba, tana aljihun gefen jakata. Da na kayar da shi ta faɗo ta gangara kan kwalta, daidai inda ƙafata za ta sauka. Sai ga bas tana ribas, babu kwandasta a bayanta, ta bi ta kan gorar. Ruwan ya fantso mini a siket. Ina tsaye, hannunsa yana cikin nawa, na gani da idona. Na kuma fahimta a take. Ba daga baya na gane ba, kada in yi wa takarda ƙarya ita ma.

Iyafis ne a kunnuwana biyu ina sauraren waƙa, idona a kan waya. Ni da nake ce wa mata kullum, ido kafin ƙafa, ƙafa kafin hannu. Ki duba, ki kauce, in ta kama ki gudu, hannu shi ne na ƙarshe. Awa ɗaya kafin nan na gama faɗa musu haka har da buga tafi.

Janye ni ya yi daga bayan mota. Da suka fara dukansa bakina yana nan a fuskata, ban buɗe shi ba.

Talata, da yamma

Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, bayan magariba

Na faɗa wa maigidan. Yana gyara fankar ɗakin yara, sukurori a bakinsa, na tsaya a ƙofa na zayyana masa kamar mai karanta labarai. Ya sauko daga kan kujera, ya tofar da sukurorin a tafinsa, ya daɗe yana kallonsu. Mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa bai ɗauke ta da zolaya ba. Na so a ce ya yi mini tsiyar mai sayar da tabarau da ba ta ga bas ba, da na ji sauƙi.

Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Yana da rai?"

Na ce ban sani ba. Sai da na faɗa na ji nauyin maganar. Kwanaki ina jin kunyar kaina, ban taɓa tsayawa na nemi sanin ko mutumin ya tashi daga wurin ba. Ya ce gobe mu je tashar mu tambaya. Na ce gobe akwai kaya da za a kawo shago.

Juma'a, da yamma

Ba a kawo wasu kaya ba. Ban je ba.

Asabar, da azahar

Zauren ajinmu ya cika har katifu suka kasa. A saman shagon fenti muke, kullum warin tina yana hawowa, yau ko shi ban ji ba saboda turaren baƙi. Mata sababbi fal, wasu da 'ya'yansu mata, wata da gyale mai duwatsu kamar za ta gidan suna. Duk abu ɗaya suka zo nema, kayen bidiyo.

Na ce yau tafiya za mu koya. Na jera kujeru na mayar da zauren titi, na sa su wuce suna faɗa mini abin da suka gani a dama da hagu, wa yake tsaye, ina ƙofa, ina za ki bi in hanya ta toshe. Na ce duk mai waya a hannu ta ajiye. Suka yi ta hamma. Rediyo ta ce, "Anti Koci, mu fa wanda kika yi wa ɓarawon nan muke so."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga idanuwansu a kaina, musamman wata 'yar siririya da ta gaya mini a ƙofa cewa tun da aka fizge mata jaka ba ta ƙara fita ita kaɗai ba sai yau, saboda ni. Na ce kayen sai an koyi faɗuwa tukuna. Muka yi faɗuwa har lokaci ya cika.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta cika mini aji.

Lahadi, da la'asar

Na je wurin Tsoho, wanda ya koya mini judo tun ina 'yar sakandare, shi ya ɗaura mini baƙin bel da hannunsa. Gwiwoyinsa sun gama aiki, yanzu sai kujera a baranda da rediyo. Jikarsa ta riga ta nuna masa bidiyon. Ban kai ga zama ba ya ce in ba shi wayata ya sake gani, ya kawo ta dab da hancinsa.

Ya ce ƙugun ya shiga daidai, ƙafafun ma ba laifi. Sannan ya sa farce a kan gilashin ya tambaye ni wannan farar igiyar da ke lilo daga kunnena ta mece ce. Ya ce shi dai a iya zamansa a birni bai taɓa ganin ɓarawon da ya bar jaka a rataye ya kama hannun da babu komai ba.

Na fara ba shi labarin. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ni hannuwana biyu lafiyarsu ƙalau. Ba ni za ki faɗa wa ba."

Ko ruwa bai ce a kawo mini ba. Da zan sauka daga barandar ya ce jiki ba shi da laifi, abin da aka koya masa ya yi, ni ce na bar shi yana gadi shi kaɗai na tafi yawo a waya.

Litinin, da yamma

Ban je ba.

Talata, da yamma

Na sauka a tashar, na tsaya a tsallake ina kallon wurin, na sake hawa wata motar.

Laraba, bayan tashi daga aiki

Mai lemon da ke bakin tashar ta gane ni tun kafin in yi sallama. Ba ta washe baki kamar sauran ba. Ta ci gaba da feraye lemonta, ɓawon yana sauka dogo bai tsinke ba, ta ce ai ta ɗauka ba zan zo ba.

Yana da rai. Mai aski ne, a layin bayan tashar yake da kujera a shagon wani. Kullum a wurinta yake sayen lemo. Ta ce ranar ta yi ta ihu tana cewa ba ɓarawo ba ne, ta san shi, amma wa zai ji mai lemo ana dukan ɓarawo? 'Yan sanda ne suka ƙwace shi, ya kwana a wurinsu, da ba wanda ya zo ya shigar da ƙara suka sake shi. Wuyan hannunsa na dama ya karye, haƙarƙari ma sun taɓu. Mai shagon ya ce ya ɗauke kilifarsa da almakasansa, kwastomomi ba za su miƙa wa ɓarawo wuyansu ba.

Ta kwatanta mini gidan. Na ce a zuba mini lemo, don in samu abin yi da hannuna. Ta ce na yau duk an saya, alhali ga tire a cike.

Alhamis, da safe

Maigidan ya ce Asabar bayan aji za mu, ko ina so ko ba na so, kuma in na ga dama in kayar da shi shi ma. Zolayarsa ta dawo, amma ba ya kallona in yana yi.

Asabar, bayan la'asar

Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, a hawa na biyu na wani gidan haya. Matarsa ce ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi maigidan, ta sake dubana. Na shirya wa zagi, har na so shi. Sai ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa a kofin da na tabbata na baƙi ne. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ya fito daga bayan labule a hankali, yana dafe da gefensa. Siriri ne, ya girme ni kaɗan, da furfura a gemu. A bidiyo ban taɓa kallon fuskarsa ba, kaina nake kallo. Hannun yana cikin farin filasta mai tauri tun daga yatsu har gwiwar hannu, wani yaro ya zana masa mota da biro a kai.

Na faɗi abin da na zo faɗa. Bai fito yadda na tsara ba, na yi ta maimaita cewa na gani, na ga bas ɗin, na sani tun a wurin. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ma ya yi kuskure, da ya yi magana, to ya yi, sau biyu ya ce Hajiya mota, ya ga ban ji ba. Bai faɗa da gori ba, kamar mai ba da rahoto. Maigidan ya fara maganar asibiti da abin da za mu iya yi, mai askin ya girgiza kai.

"Hannu likita ya ce zai haɗe. Sunana nake so. 'Yata ta daina zuwa makaranta, 'yar ɓarawo suke ce mata."

Matar ta tashi ta shige bayan labule. Ya ce in zo layinsu in faɗa da bakina a gaban mutanen da suka san shi, abin da yake so ke nan. Na ce zan zo. Ya ce yaushe. Na ji tambayar har cikin ƙashina, don ya gane irina. Na ce Litinin.

Litinin, da magariba

Na je. Maigidan ya bi shago-shago yana kiran mutane, mai walda, mai gyaran waya, tela, mai shagon askin da ya kore shi. Na sa Rediyo ta zo ta ɗauka a waya, tunda bakinta ya kai na farkon ko'ina, ya kai wannan ma. A hanya na gaya mata gaskiyar, karo na farko da na ga ta rasa abin cewa.

Na tsaya a bakin kwata na faɗa da ƙarfi. Na ce mutumin nan raina ya ceta, ni ce ban duba hanya ba, ni ce na karya shi, na kuma yi shiru ana dukansa. Na kai ƙarshe. Mai askin yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa kamar shi ake tuhuma.

Mai walda ya je ya dafa kafaɗarsa. Tela ya ce shi da ma bai taɓa yarda ba, ko da yake mai lemo ta ce da shi aka yi dukan. Muna juyawa na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Baiwar Allah mai tausayi, so take ta rufa masa asiri."

Na juya zan koma, maigidan ya riƙe mini gyale.

Laraba, da rana

Bidiyo na biyu ba ya tafiya. Rediyo ta tura wa duk wanda ta sani, ta ce mutane suna buɗewa su ga ba a kayar da kowa ba su rufe. Na farkon kuwa jiya wani ya sa masa kiɗa.

Yayata ta kira ta ce wa ya aike ni tonon silili, abu ya riga ya wuce. Na kashe wayar tana cikin magana, abin da ban taɓa yi mata ba.

Asabar, da azahar

Na faɗa wa ajin. Na kunna musu na farkon na tsayar a kan igiyar iyafis ɗin, yadda Tsoho ya yi mini. Na ce ga inda faɗan ya fara, kuma ni na fara shi. Na ce wanda ya taɓa ki a titi zai iya zama mugu, zai iya zama mai ceto, kuma in kunnenki a toshe yake idonki a ƙasa ba ki da lokacin bambancewa, hannunki ne zai yanke hukunci. Mai gyalen duwatsu ta ɗauki jakarta tun ban gama ba.

'Yar siririyar ta tsaya bayan an tashi tana taya ni tattara katifu. Ta tambaye ni, to in an kama ta ta baya ta tsaya tambaya ne? Na ce a'a, ki ƙwace hannunki ki ja da baya ki duba, ƙwacewa daban, karyawa daban. Ta ce to ni me ya sa ban yi haka ba. Na ce saboda na fi iya karyawar, kuma na daɗe ina jiran ranar da zan gwada. Ban san da wannan amsar a cikina ba sai da ta fito.

Talata, da yamma

'Yar mai askin ta koma makaranta. Matar ce ta turo saƙo, kalma huɗu, babu gaisuwa. Mai shagon askin ya ce in hannun ya warke ya dawo a gani. Maigidan ya daina aski, wai kansa ne zai zama na farko in mutumin ya koma aiki, ya fara kama da tsintsiyar share yanar gizo.

Na ci abinci sosai yau. Har na ji kunyar yadda na ci.

Alhamis, bayan la'asar

An cire filastan. Matar ta yarda in raka su, maigidan yana wurin aiki. Hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari-fari tana saɓa. Likita ya sa shi ya dunƙule ya buɗe, ya taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Ya yi duka. Ya ce da motsa shi a hankali zai riƙe almakashi. Mai askin ya yi murmushi, yau na fara ganin haƙoransa. A bakin ƙofar asibitin har ya tsokane ni, ya ce in aji yana neman wanda za a riƙa kayarwa shi ya riga ya ƙware. Muka yi dariya mu uku. Na ce a raina an gama, Allah ya rufa asiri.

Muna tsaye a bakin titi muna jiran mota. Wani dattijo ya zo ta gabanmu da naɗaɗɗiyar katifa a kafaɗa, ta rufe masa gefen fuska. Ya sa ƙafa zai sauka kwalta, ga mai babur ya taho ta hannun da ba nasa ba. Mai askin ne ya fi kusa da shi, taku ɗaya. Na ga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya ɗaga. Ya tsaya a iska. Sai ya mayar da shi ya cusa a aljihu, ya ja da baya.

Ni na finciko rigar dattijon. Babur ya wuce yana zagi, katifar ta faɗi, dattijon ya yi ta sa mini albarka. Ba abin da ya same shi.

Ya ɗauki katifarsa ya tafi. Matar tana kallon takalminta. Can mai askin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na gan shi tun kafin ki gan shi."

Bas ta zo muka shiga. Ya wuce can ƙarshe jikin taga, ya takure, ya haɗa hannayensa biyu ya sa tsakanin gwiwoyinsa har muka sauka.